Ɗan fansho ya kwanta a asibitin kuɗi cikin gaggawa: wa zai mayar masa da kuɗinsa?

Na yi shekaru a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma da ke gabashin Kano, kusa da iyakar Jigawa. Tun da na ajiye aiki, da wuya ranar kasuwar garinmu ta wuce ba a zo mini da baƙar leda cike da rasit ba. Wani tsohon hedimasta ne, wani malamin gona, wata ungozoma ce da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyenmu. Labarin kusan ɗaya ne: ciwo ya taso da dare, babban asibiti da nisa, aka shiga asibitin kuɗi mafi kusa, aka sayar da rago ko aka jinginar da gona, yanzu ana neman a san ko gwamnati za ta mayar da wani abu. Tambayoyin da suka fi maimaituwa na tattara a nan.

Shekara 35 na yi wa gwamnati aiki. Ashe ba hakkina ba ne a biya mini kuɗin asibiti?

Baba, a yi haƙuri da abin da zan faɗa. Fansho hakkinka ne, garatuti ma hakkinka ne, amma kuɗin asibiti ƙofarsa daban. Hukumar amintattun asusun fansho ta Kano, da hukumar fanshon jiha da ƙananan hukumomi ta Jigawa, da PTAD mai biyan tsofaffin ma'aikatan tarayya na tsohon tsari, da kamfanonin PFA masu riƙe da asusun sabon tsari, dukansu aikinsu biyan fansho ne. Idan ka kai musu rasit ɗin tiyata, akawun zai karɓa don girmama furfurarka, amma babu layin da zai sa shi a ciki.

Waɗanda suka kama aiki tun da daɗewa suna tuna lokacin da ma'aikaci ke kai rasit ofishinsu a rubuta masa bauca. Yanzu lafiyar ma'aikaci an mayar da ita hannun inshora. A matakin tarayya an yi dokar NHIS, wato shirin inshorar lafiya na ƙasa, a 1999, shirin ya fara aiki a 2005, sannan a 2022 aka maye gurbinta da dokar da ta kafa NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, da dokar 2016, Jigawa kuma tana da tata, JICHMA. Saboda haka abin da za a tambaye ka ba shekarun aikinka ba ne. Za a ce: sunanka yana cikin rajista a ranar da ciwon ya same ka?

To ai ina da katin tun ina aiki, ga shi ma a aljihuna.

Katin roba ne, ba ya ruɓewa, amma abin da ke bayansa yana mutuwa. Taimakekeniya ce: ana cire wani abu daga albashi duk wata, shi ke riƙe sunanka. Ran da albashi ya tsaya, idan ba a koma cirewa daga fansho ba, kuma kai ba ka sabunta da kanka ba, sai sunan ya faɗi daga jerin da ake aika wa asibitoci, kai kuwa ba wanda zai zo gida ya gaya maka. Na ga wanda ya yi shekara uku yana yawo da kati a cikin hularsa, sai a gadon asibiti ya ji cewa ba ya aiki.

Gwajin ba wuya. Ka je asibitin da ka zaɓa tun farko, ka nemi mai kula da teburin inshora ya duba jerin sunayen wannan watan. Idan yana nan, alhamdu lillahi. Idan babu, ka nufi ofishin hukumar da katin, da takardar ajiye aiki, da lambar NIN, ka tambayi ta wace hanya ɗan fansho ke komawa ciki. Tsofaffin sojoji su nasu daban ne, suna da kamfanin da ke kula da lafiyarsu, DHML, can za su tambaya.

Wane ciwo ne ake ɗauka na gaggawa?

Wanda jinkiri a kansa zai iya cin rai ko ya nakasa mutum. A shekarunmu waɗanda aka fi gani: baki ya karkace, hannu da ƙafa su saki, wato shanyewar ɓarin jiki; ciwon ƙirji mai tsanani da gumi; suga ya hau ko ya faɗi har mutum ya fita hayyacinsa; fitsari ya riƙe gaba ɗaya, abin da dattawa ke jin kunyar faɗa har mara ta kumbura; gwaiwa ta murɗe ta ƙi komawa; amai da gudawa da suka zuƙe ruwan jiki; haɗarin babur ko mota; saran maciji, musamman lokacin girbi da ake kwashe dami.

Aikin yanar ido da aka sa maka rana, ko ciwon gwiwa na shekara biyar, ko zuwa a auna hawan jini, ba sa cikin wannan sahu ko da kai kana jin su a jikinka kamar gobara. Kuma ba bakinka ne ke tabbatar da gaggawa ba, alƙalamin likitan da ya karɓe ka ne. Shi ya sa za ka ga na dage kan rahoton likita a ƙasa.

Asibitin sun ce ba za su taɓa shi ba sai an ajiye kuɗi. Doka ta yarda da haka?

Ba ta yarda ba. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda kotu ta samu da laifi, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibitin ne zai sanar da su bayan ya fara aikinsa.

Amma a lura da iyakar dokar, don nan ne mutane ke ruɗewa. Ta ce a ceci rai tukuna. Ba ta ce magani kyauta ne ba, ba ta kuma ce gwamnati za ta mayar wa wanda ya biya ba. Bayan mara lafiya ya farfaɗo, asibitin na da ikon kawo lissafinsa.

A zahiri kuma, ƙarfe biyun dare da mahaifinka a bayan a-kori-kura ba lokacin karanta wa nas sashe na 20 ba ne. Ka ambaci dokar cikin ladabi, ka nemi ganin likita ko mai asibitin. In sun kafe kuma kana da abin bayarwa, ka bayar, ka karɓi rasit, rigima ta biyo baya.

Duk asibitin kuɗi ɗaya ne wajen neman a mayar da kuɗi?

Ko kusa. Hawa uku ne. Akwai wanda ke da rajistar gwamnati kuma hukumar inshorarka ta amince da shi; yawanci za ka ga allonta a bakin ƙofa. A irin wannan bai ma kamata ka biya ba, sai ɗan kason magani, wanda a tsarin ma'aikata na NHIA kashi 10 cikin 100 ne. Akwai mai rajista amma ba ya hulɗa da hukumar. Nan ne ake biya a dawo ana neman a mayar, kuma sai an nuna cewa ba yadda za a yi a kai shi wani wuri. Sai na uku, ɗaki biyu a bayan kemis, da gado da sandar rataya ruwa, ana kiran mai wurin "dakta". Rasit ɗin wannan ko ka kai Abuja ba zai zama kuɗi ba. A Kano hukumar PHIMA ce ke yi wa asibitocin kuɗi rajista da sa musu ido, kuma asibiti na gaskiya ba ya jin haushi don ka nemi ganin takardarsa.

Mu da muke jinya, me ya kamata mu yi a wannan daren da washegari?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, don yawancin kuɗin da ake rasawa a kwana biyun farko ake rasa su, ba a ofis ba.

A raba aiki. Mutum ɗaya ya tsaya a kan mara lafiya, wani, wanda ya iya karatu kuma wayarsa na da caji, ya riƙe takardu. Tun a teburin karɓa a faɗa cewa yana da inshora, a nuna katin, a tabbatar an rubuta sunansa a fayil daidai da yadda yake a kati. Wannan ƙaramin abu ya sha kayar da mutane: a gida ana ce masa Malam Ɗanlami, ɗansa ya faɗi haka a rikice, alhali a kati da takardun fansho sunan yanka ne da na mahaifi. Mai tantancewa a ofis bai san su mutum ɗaya ba ne, kuma ba aikinsa ba ne ya sani.

Sannan a kira hukumar, ko kamfanin HMO, wato mai shiga tsakanin mai kati da asibiti, idan katin na tarayya ne, a daren in layi ya shiga, in bai shiga ba da sassafe. Lambar tana jikin kati ko a wurin mai teburin inshora na asibitinku. A gaya musu sunan mara lafiya, lambar katinsa, inda yake kwance, da abin da likita ya ce. Abin da ake nema a wurinsu shi ne lambar izini, wadda ma'aikatan asibiti ke ce wa kod. A rubuta ta, a rubuta lokacin da aka kira da sunan wanda ya ɗauka. Bayan kiran a bi da saƙon tes ko na WhatsApp, don murya iska ce, rubutu kuwa yana zama da kwanan watansa. Kada a bari a kwana biyu ba a sanar ba. Wanda ya zo bayan wata guda yana cewa "ai hankalinmu ne ya tashi" gaskiya ya faɗa, amma ya ba su hujjar da za su rufe fayil.

Idan hukumar ta ce a mayar da shi asibitin da take hulɗa da shi da zarar ya samu sauƙi, kuma likita ya ce zai jure tafiya, a bi. Daga yankinmu yawanci babban asibitin Gaya ne ko na Wudil, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce asibitin Murtala ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, karaya mai wuya kuma asibitin ƙashi na Dala. Mutanen Jigawa suna da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da cibiyar lafiya ta tarayya a Birnin Kudu, da manyan asibitocin Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Na san dalilin da ke sa iyali su ƙi tashi: ɗakin asibitin kuɗi da fanka, ba layi, nas na amsa kira. Amma kwanakin da aka ƙara bayan haɗari ya wuce, zaɓinku ne, kuma aljihunku.

Waɗanne takardu ake bukata?

Rahoton likita shi ne uwa: ranar da aka kawo shi da lokaci, halin da ya zo a ciki, abin da aka gano, abin da aka yi masa, da bayani a fili cewa na gaggawa ne, da sa hannu da hatimi. A nema kafin sallama, don bayan an bar asibiti samun likitan ya zauna ya rubuta sai an yi ta sintiri. Sai lissafi dalla-dalla, ba "magani da aiki, naira kaza" a dunƙule ba: kuɗin gado na kwana nawa, tiyata, ƙarin ruwa, ƙarin jini, gwaje-gwaje, kowane magani da sunansa. Sai rasit na kowane biya mai ɗauke da sunan asibitin, da takardar sallama, da sakamakon gwaji da hoto. Maganin da aka ce ku sayo a waje, a haɗa takardar da likita ya rubuta shi da rasit ɗin kantin.

Hattara biyu. Idan za a yi tiransifa, a tura asusun asibitin, ba na wani ma'aikaci ko mai POS na bakin ƙofa ba. Alat mai sunan wani mutum ba ya nuna asibiti ya karɓa. Kuma ƙaramar takardar da injin POS ke fitarwa rubutunta gogewa yake cikin 'yan makonni, balle a aljihu da zafin bazara. A yi fotokwafinta a ɗauke ta a waya tun tana karantuwa.

Ina zan kai, kuma me zan rubuta?

Wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga shugaban hukumar da ke riƙe da inshorarka, ko kamfanin HMO ɗinka. Ka faɗi ko kai wane ne da lambar kati, abin da ya faru da kwanan wata, dalilin da ya hana zuwa asibitin da aka yi maka rajista (nisa, dare, ruwa ya cinye hanya, an je ba likita), lokacin da aka sanar da su, jimillar abin da aka kashe, da lambar asusun banki mai sunanka. Ban da dogon tarihin hidimar da ka yi wa ƙasa, ban da zagi.

Ka yi kwafi biyu na komai. Wanda ya karɓa ya buga maka hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan naka kwafin. In sun nemi rasit na asali, ka bayar bayan an buga hatimin, ba kafin nan ba. Daga nan sai bibiya, kuma zuwa da kai ya fi aike.

Duk abin da na kashe za a mayar mini?

Da wuya. Kowace hukuma tana da jadawalin farashinta na aiki da magani, da shi take lissafi, ba da abin da asibitin kuɗi ya caje ka ba. A ce ka biya naira 200,000 a aikin gwaiwa, jadawalinsu ya ce aikin bai kai haka ba, to nasu za su bi. Ɗaki na musamman, abinci, kuɗin motar da ta kawo ku, da maganin kamfani mai tsada alhali akwai irinsa a jerin magungunansu, duk suna zubewa a hanya. Akwai kuma ayyukan da tsarin bai ɗauka ba tun asali ko yake ɗaukar wani ɓangare kawai. Gara ka san haka kafin ka yi wa wanda ya ranta maka alkawarin ranar biya.

Kuɗina na wurin PFA. Ba za su ba ni wani abu a dunƙule in biya bashin asibiti ba?

A'a. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, bayan ka karɓi kason farko a dunƙule, ragowar ana biyan ka ne wata-wata, ko ta PFA ko ta kamfanin inshorar rai. Ba asusun ajiya ba ne da za a ciro don jinya.

Maigidana ne ɗan fanshon, kuma Allah ya yi masa rasuwa a asibitin. Maganar ta mutu ke nan?

Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya sa jinyar ta zama kaffara. Idan katinsa na aiki kuma an sanar a kan lokaci, rasuwarsa ba ta share abin da aka kashe. Za a ƙara takardar shaidar rasuwa da takardar kotu da ke nuna wanda ke wakiltar magada. Shawarata ta gida ita ce a rubuta tun yanzu wa ya ba da nawa a jinyar, rance ne ko taimako. Bashin mamaci ana fitar da shi kafin rabon gado, kuma na ga 'yan uwa sun daina gaisawa a kan kuɗin da ma bai fito ba tukuna.

Ke kuma ki duba naki matsayin. A tsarin ma'aikata na tarayya kati na ɗaukar ma'aikaci da matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Sauran iyali sai an ƙara musu rajista daban. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ya kamata a san sunan wacece a ciki.

Mota ce ta buge shi a kan titi. Nan ma hukumar lafiya za a nema?

A nemi ta wannan hanyar, amma akwai ta biyu da mutanenmu ke mantawa. Doka ta wajabta wa duk mai mota inshorar da ke biyan wanda ya ji wa rauni. Tun Janairun 2023 kuɗinta na ƙaramar motar gida naira 15,000 ne a shekara. Ana bukatar lambar motar, rahoton 'yan sanda, da takardar inshorar direban, in ta gaske ce ba ta bakin tasha ba. Mu dai da an ce "ƙaddara ce, mun yafe" a gaban mai unguwa shi ke nan. Yafe wa direba alheri ne, amma kamfanin da ya karɓi kuɗi don irin wannan rana ba shi ya nemi gafara ba.

Ba ni da kati ko ɗaya. Akwai abin da ya rage mini?

Na abin da ya wuce, babu wanda doka ta ɗora wa biyan ka. Sai dai neman taimako: ƙungiyar 'yan fansho reshenku, hukumar zakka da hubusi a Kano, kwamitocin zakka na masarautu a Jigawa, ko a roƙi asibitin ya yi rangwame ya raba biyan.

Na gaba kuwa yana hannunka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. NHIA na da shirin GIFSHIP wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya ke biya a shekara, ɗan fansho na iya shiga. Hukumomin jihohin biyu ma suna rajistar wanda ba ma'aikaci ba. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda dokar 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya; ta cikinsa ake yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta a asibitin mazaɓa, kuma dokar 2022 ta lissafa tsofaffi cikin masu rauni. Gurbin ba ya isar kowa, don haka a tambayi mai kula da asibitin mazaɓarku yaushe ake ɗauka. A kuma sani sabon kati ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira, kuma ba ya komawa baya ya biya ciwon bara.

Wata huɗu ke nan da na kai takarda, shiru. Wani a ofishin ya ce in ba shi kaso ya fito mini da ita.

Kada ka ba shi. In hakkinka ne ba ya bukatar dillali, in kuma ba hakkinka ba ne, zai ci kuɗinka ya daina ɗaukar waya. Wanda kuma ya ce zai samo maka rasit da ya fi abin da ka biya, yana neman jefa ka a laifin da zai iya kai ka kotu da furfurarka.

Ka rubuta tunatarwa, ka manna kwafin wasiƙar farko mai hatimi. In an ƙi biya, ka nemi a ba ka dalili a rubuce, don sau da yawa takarda ɗaya ce ta ɓace, ana kawo ta sai fayil ya motsa. In kamfanin HMO ne, ka kai ƙara ofishin NHIA na jiha, a Kano ko Dutse, su ke sa musu ido. In hukumar jiha ce, akwai hukumar karɓar koke-koke ta tarayya mai ofis a kowace jiha, a Kano kuma ga ta jiha mai karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci. Shigar da koke a wurinsu ba a biyan ko kwabo. Ka tafi da sakataren ƙungiyar 'yan fansho na ƙaramar hukumarku in zai samu zuwa, ku sa fayiloli uku ko huɗu masu matsala iri ɗaya a wasiƙa guda, ku kuma raba kuɗin mota.